Na biya kuɗin zagayen tarihi a Vilnius, ga yadda ta kaya

Jama'a bari in ba ku labarin wani zagayen tarihi na yini guda da muka shiga ni da yayana a Vilnius, babban birnin Lituweniya, domin tun da na dawo abin bai bar raina ba, kuma na san akwai masu zuwa wannan yankin karatu ko taro da za su so su san ko ya cancanci kuɗinsu. A taƙaice dai ya cancanta, amma akwai inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce, zan zo kanta.

A intanet muka yi rajista da wani ƙaramin kamfani, muka biya da Yuro tun kafin ranar, abin da suka rubuta shi ne za su kai mu wuraren da suka shafi mulkin Sobiyet da yadda ƙasar ta ƙwaci kanta. Mu takwas ne a ƙaramar bas. An ce ƙarfe tara za a ɗauke mu, motar ba ta zo ba sai kusan tara da rabi, ga sanyi kamar ana yanka kunnen mutum da reza, kuma babu wanda ya turo saƙo ya ce za a makara. Wannan shi ne ƙorafina na farko. Amma da matar da za ta zagaya da mu ta fara magana sai na manta da fushin, mace ce da ta doshi hamsin, Turancinta a hankali take yi ba ta gaggawa, kuma ba hadda take karanto mana ba, abin da ya faru a gaban idonta take faɗa.

Wurin farko dandalin babban cocin garin ne. Ta tsayar da mu a kan wani ɗan falalen dutse a ƙasa da aka rubuta kalma ɗaya da yarensu, ta ce ma'anarta abin al'ajabi, mutane na hawa su juya su yi fata. Ta ce daga wannan gari ne layin mutane ya tashi ranar 23 ga Agusta 1989, mutum kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Vilnius ta Riga har Tallinn, tafiyar sama da kilomita 600, ƙasashe uku kenan da ake kira ƙasashen Baltik, Lituweniya da Latbiya da Estoniya. Ba haka kawai aka zaɓi ranar ba, ranar ce aka cika shekara 50 da yarjejeniyar da ministan Hitler da na Stalin, wato Ribbentrop da Molotov, suka sa wa hannu a 1939, wadda a ɓoye suka raba gabashin Turai tsakaninsu kamar masu rabon gado. Shekara da shekaru Mosko na musun cewa akwai wannan ɓoyayyen shafi, sai a Disamba 1989 majalisarta ta amsa. Matar ta ce ita tana yarinya lokacin, babanta ya ɗauke su a mota suka fita bayan gari neman inda layin ya yi giɓi, aka yi cunkoso har suka ajiye motar a gefen titi suka ƙarasa da ƙafa, kowa riƙe da ƙaramar rediyo yana sauraron inda ake buƙatar mutane. Ta ce abin da ta fi tunawa ba tuta ba ce ba kuma waƙa ba, hannun wani tsoho ne da ba ta sani ba wanda ya riƙe nata yana rawa. Wallahi da ta faɗi haka kowa ya yi shiru.

Shi kansa cocin a zamanin gurguzu ƙwace shi aka yi aka mayar da shi gidan nuna zane-zane, sai ƙarshen shekarun 1980 aka mayar wa masu shi. Can sama a kan tudu kuma akwai hasumiyar Gediminas, ta nuna mana tutar ƙasar mai ruwan ɗorawa da kore da ja, ta ce a Oktoba 1988 aka sake ɗaga ta a wurin bayan an daɗe da haramta ta.

To a nan ne na fara gane abin da nake so in faɗa a wannan rubutu. Mu da muka karanta labarin Yaƙin Cacar Baka daga nesa, yadda muke ɗaukarsa shi ne kokawar giwaye biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyet, wannan ya tara makamai wancan ya tara, ɗaya ya gaji ya faɗi, shi ke nan. Ba ƙarya ba ne, tattalin arzikin Sobiyet ya tabarbare, yaƙin Afganistan ya ci musu dukiya da rayuka, farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980. Amma in ka tsaya a wannan dandali za ka ga cewa wanda ya ture katangar da hannunsa ba Washington ba ce, mutane ne da suka ƙi mantawa da yarensu da tutarsu da cocinsu da kaburburan iyayensu. Yayana ma ya tambaye ta kai tsaye, ya ce to ina rawar Amurka a ciki. Ta ce Amurka tun 1940 ba ta taɓa amincewa da haɗiye ƙasashen Baltik ba, wannan sun gode, amma da lokaci ya yi da suka ayyana 'yanci ranar 11 ga Maris 1990, manyan ƙasashen yamma jan ƙafa suka yi don kada su ɓata wa shugaban Sobiyet Gorbachev, kuma Mosko ta rufe musu mai da gas na tsawon makonni babu wanda ya zo ya cece su. Ƙasar da ta fara amincewa da su ƙaramar Aisland ce a Fabrairu 1991, shi ya sa har titi gare ta a garin. Amurka sai farkon Satumba 1991, bayan juyin mulkin da masu tsaurin ra'ayi suka shirya a Mosko cikin Agusta ya wargaje.

Ta kuma yi mana bayani mai kyau a kan yadda abin ya faro, wanda ban san shi haka ba. Ƙungiyar Sajudis da aka kafa a 1988 ba da sunan ballewa ta fara ba, da sunan goyon bayan gyare-gyaren Gorbachev ta fara, malaman jami'a ne da marubuta da masu zane, shugabanta Vytautas Landsbergis ma farfesan kiɗa ne. Gorbachev ya buɗe ƙofa kaɗan ya ce a faɗi gaskiya a gyara tsarin, sai ya zama gaskiyar farko da mutane suke so su faɗa ita ce ai mu ba da yardarmu muka shigo ba. Har jam'iyyar kwaminis ta Lituweniya ƙarƙashin Algirdas Brazauskas ta balle daga uwar jam'iyya ta Mosko a Disamba 1989, kuma shi wannan mutumin daga baya aka zaɓe shi shugaban ƙasa a 1993. Ka ga kenan su kansu 'yan gurguzun da aka matsa su zaɓi tsakanin aƙida da ƙasa, ƙasa suka zaɓa.

Daga nan sai tsohon ginin KGB, wato hukumar leƙen asirin Sobiyet, kuma gaskiya in don shi kaɗai ne ma kuɗin ya fita. Tun daga waje za ka ga sunaye an sassaƙa a jikin duwatsun bangon, sunayen waɗanda aka kashe a ciki, da shekarar haihuwa da ta mutuwa, ka tsaya ka yi lissafi sai ka ga da yawa 'yan ashirin da wani abu ne. A ƙasa cikin ginin kurkukun yake. Akwai wani ɗaki da ba zan manta ba, ƙasansa an yi shi kamar kwatami ana cika shi da ruwa, a tsakiya akwai ɗan ƙaramin wurin tsayawa da ƙyar zai ɗauki ƙafa biyu, a nan fursuna zai tsaya, in barci ya ɗauke shi ya zame cikin ruwan da ya yi ƙanƙara a lokacin hunturu. Akwai wani kuma da aka lulluɓe bangonsa da abu mai laushi don kada ihu ya fita. Sai ɗakin harbi, inda aka kashe sama da mutum dubu. Matar ba ta yi ta surutu a wurin ba, ta faɗi abin da ya kamata ta ja gefe ta bar mu, wannan na yaba mata sosai domin akwai masu zagayen da ba su san inda ake yin shiru ba.

A saman bene ta nuna mana hotunan mayaƙan daji, samarin da suka shiga dazuka suna yaƙar sojan Sobiyet tun daga 1944 har wajen 1953, da hotunan iyalan da aka cusa a taragon dabbobi aka kai Saberiya, an fara a Yuni 1941 aka ci gaba bayan yaƙi, mutum sama da dubu ɗari. Ta tsaya a hoton Adolfas Ramanauskas, ɗaya daga kwamandojin dajin, malamin makaranta ne asalinsa, aka kama shi a 1956 aka azabtar da shi aka kashe shi a 1957, ba a gano ƙasusuwansa ba sai 2018. Ta ambaci Romas Kalanta ma, yaron da ya ƙona kansa don adawa da mulkin Sobiyet a garin Kaunas a 1972 yana ɗan shekara 19. Abin da take so mu gane shi ne 1989 ba daga sama ta faɗo ba, wuta ce da aka rufe da toka shekara arba'in da wani abu tana ci a ƙasa.

Filin da ke fuskantar ginin shi ne Lukiskes, nan gunkin Lenin ya tsaya har aka ɗauke shi da kuren a Agusta 1991. Da ta lura mu Musulmi ne sai ta ƙara mana wani abu da ba ya cikin tsarin zagayen, ta ce a wannan unguwa akwai masallacin katako na Tatar, Musulmin da suka zauna a ƙasar sama da shekara 600 tun zamanin sarki Vytautas, hukumomin Sobiyet suka rushe shi a 1968. Yayana ya ce da ni, ka ji ko, ashe har nan Musulunci ya daɗe. Na ji daɗi da ta kula da wa take magana da shi.

Abincin rana yana cikin kuɗin, a nan aka ɗan samu matsala. Mun rubuta a fom tun farko cewa ba ma cin naman alade, amma saƙon bai isa gidan abincin ba, aka kawo wa kowa wani abincinsu na dankali da aka cusa nama a ciki, muka tambaya aka ce alade ne. Matar ta tashi da kanta ta shiga ta yi magana, aka canja mana da mai cukwi, da wata miyar sanyi mai launin hoda ta jan gwoza da madara da ake ci da dafaffen dankali, ita kam ta yi daɗi duk da sanyin garin. Laifin ofis ne ba nata ba, amma duk mai zuwa ya sake tuna musu da baki da safe, kada ya dogara da fom.

Bayan azahar aka kai mu hasumiyar talbijin, doguwa ce fiye da mita 300, tana ɗan nesa da tsakiyar gari. Nan ne daren 12 wayewar 13 ga Janairu 1991 tankokin Sobiyet da sojoji na musamman suka afka wa fararen hula da suka zagaye wurin da jikinsu, mutum 14 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. A gindin hasumiyar akwai ƙananan duwatsu da aka kafa a wuraren da mutane suka faɗi. Mace ɗaya ce a cikinsu, Loreta Asanaviciute, 'yar shekara 23, tanka ce ta take ta. Matar ta ce a gidansu suna kallon talbijin har hoto ya ɗauke, daga baya tashar Kaunas ta kama watsawa tana roƙon duniya ta ji. Kuma ta tuna mana cewa watanni uku kacal kafin nan aka sanar da bai wa Gorbachev kyautar Nobel ta zaman lafiya, sannan idon duniya gaba ɗaya yana kan Iraƙi da Kuwait domin kwana huɗu bayan haka aka fara ruwan bama-bamai a can. Duk da haka mutane ba su gudu gida ba, majalisa suka nufa suka kewaye ta, suka hura wuta suna waƙa da addu'a, sojojin kuma ba su shiga ba. Mun tsaya a majalisar a hanyar dawowa, an bar guntayen shingen kankare na wancan lokaci da rubuce-rubucen da aka yi a jiki. A 2019 wata kotu a Vilnius ta yanke wa mutum sama da 60 hukunci kan wannan dare, mafi yawa ba sa nan, har da tsohon ministan tsaron Sobiyet Dmitry Yazov. Hawa saman hasumiyar dai ba ya cikin kuɗin, sai ka biya daban, kuma ba su rubuta haka a fili ba, mu ba mu hau ba.

Yanzu ga babban ƙorafina. Tun safe har yamma labari ɗaya muke ji, labarin al'umma da aka zalunta ta tashi, kuma gaskiya ne, ba na ragewa ko kaɗan. Amma garin nan kafin Yaƙin Duniya na Biyu cike yake da Yahudawa da 'yan Folan, har ana ce masa Kudus ta Arewa, tsakanin yaƙe-yaƙen biyu ma a hannun Folan yake, Stalin ne ya miƙa wa Lituweniya shi a 1939. Kilomita goma kacal daga tsakiyar gari akwai dajin Paneriai inda aka harbe mutum kusan dubu ɗari a zamanin mamayar Jamus, mafi yawansu Yahudawa, kuma cikin masu harbin akwai 'yan ƙasar da suka yi wa Nazi aiki. Kusan kashi 95 cikin ɗari na Yahudawan Lituweniya aka hallaka. Shi kansa ginin KGB ɗin 'yan Gestapo, wato 'yan sandan sirri na Nazi, sun yi aiki a ciki daga 1941 zuwa 1944. Duk wannan tsarin zagayen bai ba shi ko minti biyar ba, kuma Paneriai ba ya cikin wuraren tsayawa sam. Sai da na tambaya a mota sannan matar ta yi magana, kuma in yi mata adalci ba ta kauce ba, ta ce gaskiya ne, ta ce a makaranta zamanin Sobiyet ana cewa 'yan Sobiyet aka kashe ba a ambaton Yahudawa, bayan 'yanci kuma mutane sun shagala da nasu raunin. Ta ce kamfani ne ke tsara hanya, ita ta sha faɗa musu. Na yarda da ita, amma bai kamata sai baƙo ya tambaya ba, wanda bai sani ba zai fita da rabin labari yana zaton ya ji duka.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne kishin ƙasar da muka yini muna jinjina wa wuƙa ce mai baki biyu, kuma shekarar 1989 ɗin ma ta nuna haka. Wata biyu kafin a riƙe hannu a Baltik, a ƙarshen Yuni, shugaban Sabiya Slobodan Milosevic ya tara ɗimbin Sabiyawa a filin Kosovo yana tuno musu yaƙin da aka yi a wurin shekara 600 da ta wuce, shi ma ɗan kwaminis ne da ya ga aƙida ta mutu ya hau dokin ƙabilanci. Ƙarshensa kowa ya sani, Yugoslabiya ta tarwatse, Sarajevo ta yi kusan shekara huɗu a kewaye, a Srebrenica aka yi wa Musulmi maza da yara sama da 8,000 kisan gilla a Yuli 1995. A cikin Sobiyet ɗin ma Armeniya da Azarbaijan sun gwabza a kan Karabakh, Checheniya ta zama kufai. Gurguzu ya ce ma'aikatan duniya ɗaya ne, ya danne maganar ƙabila da addini da ƙarfin tsiya bai warware ta ba, da murfin ya tashi sai kowa ya koma wa tsohuwar tutarsa, wani ya ɗauko ta ya yi waƙa, wani ya ɗauko ta ya ƙona gidan maƙwabci.

Na tambaye ta to me ya sa nasu bai koma haka ba. Amsar da ta bayar ta gamsar da ni. Ta ce shugabannin Sajudis sun nace kada a taɓa soja ko da an harbe su, domin Mosko uzuri kawai take nema. Sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1989 ta bai wa duk mazaunin ƙasar dama, Barashe ne kai ko ɗan Folan, ba kamar Latbiya da Estoniya ba inda Rashawa da yawa suka wayi gari ba su da takardar kowace ƙasa. Ta ƙara da cewa su sun fi samun sauƙin yin hakan domin 'yan asalin sun kai kusan kashi 80 cikin ɗari, a Latbiya kuwa da kaɗan suka haura rabi, tsoro ya fi yawa a can. Wannan hira ta cikin mota ta minti goma ta fi mini wasu wuraren da muka tsaya amfani, kuma ita ya kamata kamfanin ya saka cikin tsari.

An sauke mu kusa da zauren gari wajen ƙarfe biyar, ta nuna mana wani allo a bango mai ɗauke da maganar George W. Bush ta 2002, cewa wanda ya zaɓi Lituweniya a matsayin abokiyar gaba ya zaɓi Amurka ma. A 2004 suka shiga NATO da Tarayyar Turai. Tutocin Yukren kuwa ko'ina ka duba a garin za ka gani, a tagogi da jikin motocin bas, ta ce a wurinsu wannan labari bai ƙare ba.

In za a ba da maki biyar, ita matar biyar ɗin zan ba ta, kamfanin kuma uku saboda makarar safe da batun abinci da kuma tsallake Paneriai. Wanda zai je ya sa takalmi mai kyau da rigar sanyi mai kauri domin ƙasan ginin KGB akwai danshi, kada a kai ƙananan yara can ƙasan, a tanadi ɗan kuɗi a hannu na hawa hasumiya da ɗan ihsani ga mai zagaya. Mu washegari da kanmu muka hau jirgin ƙasa zuwa Paneriai, 'yan mintuna ne daga babbar tasha, sai ka ɗan taka zuwa cikin dajin. Ba mu tarar da kowa ba sai wani dattijo da karensa, ga manyan ramuka zagayayyu cikin itatuwa, waɗanda Sobiyet suka haƙa don ajiye tankunan mai kafin Jamus ta shigo ta mayar da su kabari. Mun yi kusan awa guda a wurin, yayana bai ce uffan ba har muka koma tasha.